Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malam: Inda Muka Samo Cewa Kalman Allah Ya Zama Mutum

Allah ya gafarta Malam,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da almajirai.

A zaman tattaunawar da aka yi tsakanin malaman Musulunci da na Kirista a nan Katsina, ka miƙe gaban jama'a ka ce in nuna maka inda Yesu ya buɗe baki ya ce "Ni ne Allah, ku bauta mini". Ka ƙara da cewa wanda ya ci abinci, ya yi barci, har muke cewa ya mutu, ta ƙaƙa zai zama Allah? Sannan ka ce ai sarkin Rum ne ya tara limaman coci a shekarar 325 suka ƙulla wannan magana. Lokaci ya ƙure kafin a ba ka amsa yadda ya kamata, kuma tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a amsar za ta fito. Ban sa ran wasiƙa ɗaya ta raba ka da aƙidarka ba. Roƙona shi ne, in za ka ƙi maganarmu, ka ƙi ainihin abin da muke faɗa, domin yawancin abin da ake jingina mana a majalisu da gidajen rediyo mu ma mun ƙi shi tun tuni.

Ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu ba. Tir da wannan magana. Suratul An'am aya ta 101 ta tambaya yadda zai kasance da ɗa alhali ba shi da mata, kuma duk Kiristan da ya san addininsa zai ce haka ne, babu mata, babu saduwa. A Luka 1:34-35 Maryamu ta tambayi mala'ika yadda za ta yi ciki ba ta san namiji ba, ya ce mata Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata, ikon Maɗaukaki zai lulluɓe ta. Ba mu ce Maryamu allahiya ce ba. Ba mu ce wani mutumin kirki ne aka yi ta ɗaga darajarsa har ya kai Allah ba. Halitta ba ta zama Mahalicci. Abin da muke shaidawa shi ne: Allah ɗaya ne, Kalmansa kuwa yana tare da shi tun fil'azal, ba halitta ba ne, zatinsu ɗaya. Wannan Kalman, wanda Littafi yake kira Ɗa, ya ɗauki cikakkiyar mutuntaka a cikin mahaifar Maryamu, jiki da rai da hankali, ba tare da allahntakarsa ta ragu ko ta sauya ba.

To, ga amsar tambayarka ta farko kai tsaye: babu ayar da ta zo da waɗannan kalmomi a jere. Duk Kiristan da ya ce maka akwai, ka miƙa masa Littafin ka ce ya buɗe. Akwai kuwa dalili. A kunnen Bayahuden wancan zamani, idan aka ce "Allah" kawai, Uban da ke sama ake nufi. Da Yesu ya ce "Ni ne Allah", da sun ji cewa shi ne Uba, wannan kuwa ba koyarwarsa ba ce, ba tamu ba ce. Ma'aunin da muke amfani da shi daban ne. Tsohon Alkawari ya keɓe wasu abubuwa ga Allah shi kaɗai: gafarta zunubi, halitta, hukuncin ranar ƙarshe, karɓar bauta, da sunan nan "Ni ne" da ya bayyana wa Musa. Sai a duba ko Yesu ya sa hannu a kan waɗannan, a kuma duba yadda masu sauraronsa suka fahimce shi, su da suka san Attaura.

Buɗe Markus sura ta 2. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika har ƙofa. Mutum huɗu suka zo ɗauke da shanyayye, suka rasa hanya, suka hau rufin, irin rufin nan na itace da laka, suka yaye shi, suka zura mutumin da shimfiɗarsa har gaban Yesu. Kowa yana jiran ya ce "tashi". Sai ya ce, "Ɗana, an gafarta maka zunubanka." Malaman Attaura da ke zaune suka ce a ransu wannan saɓo ne, wa ke iya gafarta zunubi in ba Allah kaɗai ba? Suna da gaskiya, don Ishaya 43:25 haka ta ce. Annabi na ƙwarai, da ya ga an yi masa irin wannan fahimta, zai yi maza ya gyara, ya ce shi saƙo kawai ya isar. Yesu bai gyara ba. Ya tambaye su wanne ya fi sauƙin faɗa, sannan ya ce domin su sani Ɗan Mutum yana da ikon gafarta zunubi a duniya, ya umarci shanyayyen ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi gida. Mutumin bai yi wa Yesu laifin komai ba a matsayinsa na ɗan'adam, laifinsa tsakaninsa da Allah ne, amma Yesu ya yafe shi kamar shi ne mai haƙƙin.

Wannan suna "Ɗan Mutum" mutane da yawa suna ɗauka hujja ce a kanmu. Markus 14:61-64 ta nuna akasin haka. A daren shari'arsa babban firist ya tambaye shi ko shi ne Almasihu, Ɗan Mai Albarka. Ya amsa, "Ni ne. Za ku kuwa ga Ɗan Mutum zaune a hannun dama na Mai Iko, yana zuwa cikin gajimaren sama." Nan take babban firist ya yage tufafinsa ya ce sun ji saɓo, aka yanke masa hukuncin kisa. Da'awar zama Almasihu ita kaɗai ba saɓo ba ce a wurin Yahudawa. A shekarar 132 wani mai suna Bar Kokba ya taso, wasu manyan malamansu suka karɓe shi a matsayin Almasihu, ba wanda ya ce ya yi saɓo. Abin da ya sa aka yage tufafi shi ne Yesu ya haɗa Zabura 110:1 da Daniyel 7:13-14 ya ɗora wa kansa. A Daniyel, wani mai kama da ɗan mutum ya zo cikin gajimare, aka ba shi mulkin da ba ya ƙarewa, dukan al'ummai da harsuna suna yi masa bauta. Wanda suke yi wa shari'a yana gaya musu cewa shi zai zauna a kan kursiyin ya yi musu tasu.

A Yahaya 8:58 ya ce tun ba a haifi Ibrahim ba, "Ni ne", suka ɗebi duwatsu. A 10:33 da bakinsu suka faɗi dalilin jifan: kai mutum ne, kana mai da kanka Allah. A 20:28 Toma ya dube shi ya ce "Ya Ubangijina da Allahna", Yesu ya karɓa, ya yaba wa masu ba da gaskiya irin haka. Ka gwada wannan da Ayyukan Manzanni 14, inda mutanen Listira suka kawo bijimai za su yanka wa Bulus da Barnaba, su biyun suka yage rigunansu suka ruga cikin taron suna cewa mu ma mutane ne kamarku. Bitrus ya ɗaga Karniliyas daga ƙasa da ya yi masa sujada a sura ta 10. Mala'ika ya tsawata wa Yahaya a Wahayi 22:8-9, ya ce Allah za ka yi wa sujada.

Na san za a ce Bisharar Yahaya ta makara, don a ƙarshen ƙarni na farko aka rubuta ta. Shi ya sa hujjar da na fi ba nauyi tana cikin wasiƙun Bulus, waɗanda suka riga dukan Bisharu huɗun. An gicciye Yesu a shekarar 30 ko 33. Wasiƙar farko zuwa ga Korantiyawa an rubuta ta wajen shekarar 55. A 8:6, Bulus ya ɗauki kalmar shahadar Yahudawa ta Maimaitawar Shari'a 6:4, wadda ta ce Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne, ya sa Yesu a cikinta: Allah ɗaya, Uba, wanda dukan abu daga gare shi yake, da Ubangiji ɗaya, Yesu Almasihu, wanda dukan abu ta wurinsa yake. Bai ƙara allah na biyu ba, don a aya ta 4 ya riga ya ce babu Allah sai ɗaya.

Filibiyawa 2:6-11 ta fi wannan fitowa fili. Ta ce Almasihu yana cikin surar Allah, amma bai riƙe daidaitarsa da Allah kam-kam ba, ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa, ya zama kamar mutane, ya yi biyayya har mutuwar gicciye, kuma kowace gwiwa za ta durƙusa ga sunansa, kowane harshe ya shaida shi Ubangiji ne. Yanzu sai ka koma Ishaya 45:22-23. A duk Tsohon Alkawari da wuya ka sami wurin da ya fi nan tsananta tauhidi. Allah ya ce shi ne Allah, babu wani, ya rantse da kansa cewa a gare shi kowace gwiwa za ta durƙusa. Bulus Bafarisiye ne, wato daga ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Attaura, ya san wannan sura ciki da bai. Ya ɗauke ta ya ɗora wa Yesu, kuma bai tsaya kare kansa ba, yana kawo maganar ne don ya koya wa 'yan coci tawali'u, alamar cewa abu ne da suka riga suka sani. An yi rigima mai zafi tsakanin Bulus da wasu 'yan'uwa na Urushalima a kan kaciya da abinci, Galatiyawa sura ta 2 ba ta ɓoye ba, amma babu inda aka ga sun yi rigima a kan matsayin Yesu.

Yahaya 1:1-14 ta tattara duk wannan ne: tun fil'azal akwai Kalma, yana tare da Allah, shi kuwa Allah ne, ta wurinsa aka yi kome, sannan Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Kolosiyawa 2:9 da Ibraniyawa 1:1-3 suna kan wannan layi. Na san Suratun Nisa'i aya ta 171 ta kira Isa kalmar Allah da ya jefa ga Maryamu, na kuma san malamanku sun fassara ta da cewa an halicce shi ne da "Kun", suna kafa hujja da Ali Imrana aya ta 59. Ba zan murɗa ayarku ta faɗi abin da malamanku ba su faɗa ba, ina kuma hana 'yan'uwana yin haka. Abu ɗaya kawai zan tuna maka. Ahlus Sunna sun tsaya a kan cewa maganar Allah ba halitta ba ce, har Imam Ahmad bin Hambal ya sha ɗauri da bulala a fitinar da ta fara a 833 zamanin Ma'amun. Duk da haka kun yarda cewa wannan magana ta azal ta sauko cikin zamani, an rubuta ta da tawada, yara suna karanta ta a allo. Ban ce aƙidun biyu ɗaya ne ba. Amma tambayar yadda abin da ba shi da farko zai shigo cikin abin da ke da farko ba mu kaɗai ta shafa ba.

Dole in faɗi inda masu wa'azinmu suke yin tuntuɓe, don kai ma ka sha kama su. Wasu suna kafa hujja da 1 Yahaya 5:7 yadda take a tsofaffin fassarori, mai cewa akwai uku da ke shaida a sama. Wannan jimla ba ta cikin tsofaffin kwafen Girkanci, yawancin fassarorin yanzu sun cire ta ko sun yi mata alama, kuma waɗanda suka yi muhawara da Girkanci a ƙarni na 4 ba su dogara da ita ba. Haka 1 Timoti 3:16: kwafe mafi tsufa suna cewa "shi wanda aka bayyana cikin jiki", kalmar "Allah" daga baya ta shigo. Haihuwa ba uba ita kaɗai ba ta tabbatar da allahntaka, a nan hujjarku ta Adamu, wanda ba shi da uba ba shi da uwa, tana da ƙarfi. Mu'ujiza ma haka, Iliya da Elisha sun ta da matattu da iznin Allah. Sujada ita kaɗai ba ta isa ba, 'yan'uwan Yusufu sun rusuna masa. Ko "Ni da Uba ɗaya muke" ta Yahaya 10:30, in aka tsinke ta daga mahallinta, za ka iya mayar da martani da 17:22 inda ya roƙa almajirai su zama ɗaya. Sai an karanta daga aya ta 27, inda ya ce shi ne mai ba da rai madawwami kuma ba mai ƙwace tumaki daga hannunsa, sannan nauyinta ya fito. Wanda ya gina wa'azinsa a kan hujja mai rauni, kansa ya cutar.

Sai batun ci da barci. Suratul Ma'ida aya ta 75 ta ce shi da mahaifiyarsa suna cin abinci. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Ya ji yunwa a Matiyu 4:2, ya gaji ya zauna bakin rijiya a Yahaya 4:6, ya yi kuka a 11:35, ya yi girma cikin hikima da tsayi a Luka 2:52. Hasali ma tun farko ikkilisiya ta yaƙi ɓatar masu cewa jikinsa gizo ne kawai, 1 Yahaya 4:2-3 a kansu aka rubuta ta. Duk ayar da ka kawo mai nuna shi mutum ne, rabin aƙidarmu ka tabbatar. Dubi Markus 4:35-41: yana barci a kan matashi a bayan jirgi saboda gajiya, aka tashe shi, ya tsawata wa iska da teku suka yi tsit, abin da Zabura 107:29 ta ce aikin Ubangiji ne. Marubucin ya ajiye barcin da tsawar a wuri ɗaya bai ji kunyar ko ɗaya ba.

Magabatanmu suna misali da ƙarfe a maƙera. Maƙeri ya tura shi cikin garwashi, yaro yana zuga, har ya yi ja wur. Ƙarfen bai zama wuta ba, wutar ba ta zama ƙarfe ba, amma ba ka iya ɗaukar ɗaya ka bar ɗaya. In aka ɗora shi a kan uwar maƙera aka sauke guduma, ƙarfen ne ke lanƙwasa, wutar ba ta jin duka. Haka muke fahimtar gicciye: allahntaka ba ta mutuwa, mutuntakar da Kalman ya ɗauka ce ta ɗanɗani mutuwa, wato rabuwar rai da jiki. Uba ba a gicciye shi ba, sama ba ta zama kango ba, Kolosiyawa 1:17 ta ce dukan abu a cikinsa yake riƙe. Misalin yana da iyaka, don ƙarfe yana hucewa, wannan haɗuwa kuwa ba ta rabuwa.

Da wannan ake karanta ayoyin da ka kawo a zaman tattaunawar. Littafin Ƙidaya 23:19 ta ce Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya. Maganar cika alkawari ce, kuma mu ma ba mu ce zatin Allah mutum ne ba. "Uba ya fi ni girma" ta Yahaya 14:28 maganar wanda ya ɗauki surar bawa ce yana shirin komawa ga ɗaukakar da 17:5 ta ce yana da ita tun duniya ba ta kasance ba. Markus 13:32, inda ya ce Ɗan bai san ranar ƙarshe ba, ita ce mafi nauyi a cikinsu, ba na raina ta. Malaman ikkilisiya sun ce yana magana ne daga iliminsa na ɗan'adam, wanda Luka ya ce yana ƙaruwa. Ka lura kuma da jerin ayar kanta: mutane, mala'iku, Ɗan, Uba. Ta ajiye shi sama da mala'iku.

Game da 325, tarihi ba ya goyon bayan abin da ake yaɗawa. Wajen shekarar 110 Ignatiyus na Antakiya yana kiran Yesu "Allahnmu" a wasiƙunsa. Wajen 112 gwamnan Rum a Bitiniya, Filini, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa sarki Tirajan cewa Kirista suna taruwa kafin asuba suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga allah. Akwai kwafin Bisharar Yahaya da na wasiƙun Bulus na wajen shekarar 200, suna nan a ɗakunan ajiya a Turai da Amurka, da Yahaya 1 da Filibiyawa 2 a ciki. Taron Nikiya, wato wanda sarki Kustantin ya kira a 325, bai zaɓi littattafai ba. Gardamar da ya zauna a kai ta Ariyus ce, wani limamin Iskandariya, wanda shi ma ya yarda Kalman ya riga duniya, ta wurinsa aka yi ta, kuma ya zo cikin jiki. Inda ya bambanta shi ne ya ce Kalman halitta ne na farko. Babu ɓangaren da ya je Nikiya da cewa Yesu annabi ne kawai. Bishof biyu ne suka ƙi sa hannu. In kuwa ƙarfin sarauta ne ya kafa aƙidar, sai a bayyana dalilin da ya sa ɗan Kustantin ya goyi bayan mabiya Ariyus, aka kuma kori Atanasiyus, bishof na Iskandariya mai kare aƙidar Nikiya, daga kujerarsa har sau biyar. Taron Kalsidon na 451 shi ya tsara kalmomin da yawancin coci-coci suke amfani da su: mutum ɗaya, ɗabi'a biyu, ba cakuɗewa, ba sauyawa, ba rarrabuwa, ba rabuwa. Cocin Masar da na Habasha ba su karɓi wannan tsarin kalmomi ba, amma su ma suna shaida cikakken Allah ne, cikakken mutum.

Ainihin saɓaninmu, Malam, yana wani wuri. Kai kana ganin saukowa irin wannan ba ta dace da girman Allah ba. Mu muna ganin babu mai iya hana shi kusantar bayinsa ta hanyar da ya ga dama, kuma Ibraniyawa 2:14-17 ta ba da dalili: tun da 'ya'yan nama da jini ne, shi ma ya ɗauki nama da jini, domin ta wurin mutuwa ya karya ikon mutuwa. Mutum ne ya ci bashin, don haka mutum ne zai biya, amma babu ɗan Adam da ba shi da nasa bashin. Shi ya sa 1 Timoti 2:5 ta kira shi matsakanci ɗaya tsakanin Allah da mutane. A kan wannan nake so mu yi zama na gaba, don nan ne maganar take.

Kafin nan, Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, fassarar 1979 kuma tana hannun mutane da yawa a garin nan. Ka fara da Markus, sura 16 ce kacal, ana gama ta a zama biyu. Duk inda Yesu ya yi wani abu, ka tambaya wa Tsohon Alkawari ya ce yana yin wannan. Daga nan Ishaya 40 zuwa 45, sai Filibiyawa 2, sannan Yahaya. Duk ayar da ɗayanmu zai kawo, a karanta surar gaba ɗaya da ƙarfi a gaban jama'a kafin a yi sharhi, sharaɗin kuma ya hau kaina idan na taɓo Alƙur'ani.

A gaida mutanen gida.

Naka cikin girmamawa,
Malamin Littafi Mai Tsarki,
Katsina